Ruwan Ɗumin Bayan Gidaje

Noelene ce ta kawo tsohon, wannan kowa a garin ya sani, ita ma ba ta taɓa musu ba. Uban mijinta ne, sunansa Clarrie, mutumin tsibirin Tasmania, can ƙarshen kudancin ƙasar inda sanyi ke shiga ƙashin mutum ya yi zamansa. Rayuwarsa duk a tatsar shanu ta ƙare. Da matarsa Merle ta rasu sai ya sayar da shanun ya zauna a gidan katako, daga shi sai karen marigayiyar, wani ɗan guntun kare mai jan gashi da ake kira Jock. Ranar da Noelene da mijinta Warwick suka je duba shi, sun tarar yatsunsa sun ƙage kamar ƙafar kaza, ko murfin kwalba ba ya iya murɗewa, kafin ya miƙe kuwa sai ya dafa sanda ya dafa bango. A tsakar ɗakin ta tsaya, hancinta na yoyo don sanyi, ta ce, "Baba, haɗa kayanka. Mu a wajenmu ko bargo ba mu ajiyewa. Ka zo arewa, Queensland, rana ta gasa maka ƙasusuwan nan."

Ya yi gardama, don gardama ce abincinsa, amma ya zo.

Rana kuwa ba ta ba Noelene kunya ba. A watan Yuni ya iso, tsakiyar hunturun ƙasar, lokacin da 'yan uwansa ke maƙale a bakin murhu, ya tarar da iska mai daɗi da teku a ƙarshen layi. Kullum da safe sai ya ja ƙafa ya je ya tsaya a ruwan, ruwa mai ɗumi kamar an sirka. Ba a daɗe ba yatsun suka fara buɗewa. Ya gyara ƙofar akurkin kaji, ya ɗaure igiyar shanya, fatarsa ta yi ja sannan ta yi duhu. Har waya yake yi wa tsofaffin maƙwabtansa don kawai ya tambaye su riga nawa suka sa yau, shi dai gajeren wando ne a jikinsa.

Haka mutanen kudu suke, Allah ya bar mu da su. Su zo su ga kwakwa, su ga mangwaro yana zuba ba mai tsinta, su ga ruwa shuɗi ya miƙe har ƙarshen gani, sai su ɗauka wahalar duniya ta ƙare musu. Ba wanda ke tsayawa ya tambayi abin da ya sa 'yan gari, da aka haife su a bakin ruwan nan, suke zama can baya a inuwa suna kallonsa kawai.

Da Nuwamba ta kama sai iska ta tsaya, zafi ya sauko ya zauna daram, teku kuma ya cika da halittun ruwan nan masu harbi, masu kama da farar leda, waɗanda ba a ganinsu sai sun naɗe ƙafar mutum. Harbin manyansu kan tsayar da zuciyar ƙato, balle ta tsoho. Aka rataye kwalaben ruwan tsami a bakin yashi don zuba wa wanda aka harba, kamar kowace shekara. Garin ƙarami ne, ba a kafa masa ragar da ke tare masu harbin a wurin wanka, sai an yi doguwar tafiya a mota kafin a sami inda aka kafa.

"Teku ya rufe, Baba," in ji Noelene. "Sai bayan damina."

"Wa ya rufe shi? Da wane makulli?"

"Ni na rufe shi. Ka sa ƙafa ka gani in ban ɗaure ka a jikin mangwaron nan ba."

Ya kalle ta ta saman tabarau ya ce to. Da ta san shi kamar yadda Merle ta san shi, da wannan to ɗin mai sauƙi ya hana ta barci. Amma Warwick yana can wajen haƙar ma'adinai, sai ya yi makonni bai leƙo gida ba, ita kuma gari na wayewa take ficewa zuwa rumfar da ake wanke ayaba ana jerawa a kwali. Abin da tsoho ke yi da safiyarsa, shi da karensa suka sani.

Ranar wata Lahadi tana sharar matakalar baya ta ɗaga takalmansa na roba don ta share ƙarƙashinsu. Ta tsaya da su a hannu. Baƙin taɓo ne ya bushe a jikinsu, mai warin ruɓaɓɓen ganye. Bakin teku farin yashi ne. Taɓo irin wannan wuri ɗaya yake a duk garin, wato rafin da ya zagayo ta bayan gidajen kafin ya faɗa teku.

Ta ajiye tsintsiya ta buɗe ƙyauren baya, ta bi wata siririyar hanya da ba ta san da ita ba, sabuwa, wadda ƙafa ta kwantar da ciyawarta. Hanyar ta kai ta kan gaɓa, daidai inda itatuwan bakin ruwa masu saiwa a waje suka ɗan rabu suka bar ƙofa. Lokacin janyewar teku ne, ruwan rafin ya bi shi, taɓon duk a fili. Ga sawun tsoho nan, sawu kan sawu, a gangara guda, har ya yi ɗan kwari kamar hanyar shanu. Ga na kare. Ga kawunan kifi biyu sun bushe a jikin saiwa.

Sannan ta ɗaga ido ta kalli wancan ƙetaren. A kan taɓon akwai wani shafe mai santsi daga gindin itatuwa zuwa cikin ruwa, kamar an ja kwalekwale, faɗinsa ya fi ƙofar ɗaki. Gefe da gefensa ramukan farata ne, hanyar kada ke nan.

Ta ja da baya ba tare da ta juya wa ruwan ƙeya ba. Ita 'yar manomin rake ce, tun ba ta san baƙi da fari ba ubanta ya cusa mata abin da kowane ɗan garin nan ya sani. Ba a ɗiban ruwa a wuri guda sau biyu. Ba a fiɗar kifi a bakin rafi. Ba a barin kare ya yi wasa a gaɓa. Kada ba ya gaggawa, kallo yake yi. Yau ya gan ka daga nesa, gobe ya matso, jibi ya ƙara matsowa ta ƙarƙashin ruwa, har ya haddace lokacinka da wurin tsayuwarka fiye da kai kanka.

Ta tarar da tsohon a baranda yana fere mangwaro da 'yar wuƙa, da yatsun nan da a da ba sa riƙe cokali. Jock na kwance a kan ƙafarsa.

"Baba, tun yaushe kake shiga rafi?"

"Tun da kika kulle tekunki." Bai ko ɗago ba. "Na ce a raina, ruwan rafi ai ba na masu harbi ba ne. Kuma ya ma fi ɗumi."

"Da wane lokaci kake zuwa?"

"Lokacin da mutumin kirki ke tashi. Rana na leƙowa ina cikin ruwa. In fara jiƙa gwiwa, sannan in sunkuya in jiƙa hannu, sannan in jefa wa wannan ja'irin itace ya ɗauko. In da guntun kifi in watsa wa ƙananan da ke tsattsagar mini ƙafa."

"Kullum?"

"Ban taɓa fashi ba." Da alfahari ya faɗa. Mutum ne da shanu suka horar, a wajensa babu mutuncin da ya wuce a ce ana iya saita agogo da fitowarka.

Noelene ta ja kujera ta zauna. Ta gaya masa abin da ta gani a ƙetare. Ta nuna masa faɗin shafen da hannuwanta, hannuwan ba su kai ba.

"Akwai allon gargaɗi a wajen gada, Baba. Ka sha wuce shi."

"Allon yana gada, ni ina nan. Ƙasar nan taku ko kwakwa sai an kafa mata allo." Ya miƙa mata yankan mangwaro a bakin wuƙa, ta ƙi karɓa, ya jefa a bakinsa. "Yarinya, watanni ina shiga ruwan nan, ko wutsiyarsa ban taɓa gani ba."

"Shi ne abin da ya ɗaga mini hankali. Da ka gan shi kwance yana shan rana, da na ce ba ruwansa da kai. Tun da bai bari ka gan shi ba, kai yake kallo."

"Me zai ci a jikina? Ƙashi da jijiya?"

"Ba wasa nake yi ba."

Ya ajiye wuƙar. Ya buɗe tafin hannunsa ya rufe, ya sake buɗewa, yana kallonsa kamar na aro. Muryarsa ta sauka.

"Kin san yadda ake ji, mutum ya farka ya kasa ɓalle maɓallin rigarsa? Merle ce take ɓalle mini. Da ta tafi, da riga ɗaya nake kwana nake tashi, don kar in kira maƙwabci ya zo ya tuɓe ni kamar jariri. Ruwan ɗumin nan ne ya dawo mini da hannuna. Ke kika ce in zo, na zo. Yanzu teku da mai harbi, rafi da kada, ciyawa da maciji. To me kika kira ni in yi? In zauna a baranda in yi ta kallon ɗumin?"

Maganar ta soke ta, don gaskiya ce. Ita ta yi masa tallar wurin nan, ta faɗi rana ta faɗi mangwaro, sauran kuma ta bari sai ya zo.

"Zan tara maka ruwa a tsohon bahon wankan nan, in ajiye a rana. Kafin hantsi ya yi ɗumi."

"Kin mayar da ni agwagwa ke nan."

"Baba, ka yi mini alkawari. Don Allah."

"Na ji," in ji shi, ya ɗauki wani mangwaron.

Ta kira ma'aikatan namun daji, suka ce za su zo su duba, in ta kama a kafa tarko, amma lokacin zafi ne, kira ya yi musu yawa, kafin nan kar kowa ya kusanci ruwan. Ta kira shugabar rumfar ayaba ta roƙi hutun gobe, aka ce mata mutum biyu ba su da lafiya kuma motar kaya na zuwa. Da yamma ta sami Warwick a waya, ƙarar injuna na tashi a bayansa.

"Na ji ya ce miki? To bai ji ba," in ji Warwick. "Uwata ta yi fama da wannan na ji ɗin har ta koma ga Allah. Ki ɗauke masa sanda kawai. Gangaren rafin nan ba zai sauku gare shi ba sai da sanda. Zai yi ta zage-zage, amma yana baranda zai yi su."

Shawarar ta kwanta mata. Da gari ya fara haske ta leƙa, ta ji tsohon yana tari a ɗakinsa, ta zare sandar daga bayan ƙofar falo ta jefa a kujerar a-kori-kurarta ta ja.

Ta yi nisa a tsakanin gonakin rake, sama ta fara ja ta gabas, sai ta taka burki a wata kwana, sandar ta gangaro za ta faɗi. Ta kai hannu ta tare. Da ta ɗago hannun sai ta ga ƙura a tafinta, da yanar gizo-gizo ta manne a yatsunta. Ta kalli sandar. Kan sandar da a da yake sheƙi don riƙo ya dushe, yanar gizo ta lulluɓe shi.

Yaushe rabon da ta ga sandar nan a hannunsa? Ta lalubi tunaninta ba ta samu ba. Warwick uban da ya bari yake tunawa, mai dafa bango. Wannan na yanzu jiya ta gan shi ya hau benci yana tsinkar mangwaro.

Ta juya motar a tsakiyar hanya har tayar baya ta faɗa kwata ta fito. Ba ta san yadda ta iso gida ba. Ƙyauren baya a buɗe yake, takalman roba ba sa kan matakala. Ta bi siririyar hanyar da gudu, sai da ta kusa gaɓa ta tilasta wa kanta tafiya a hankali, don ta san in ta faɗo musu da ihu tsoho zai juyo a firgice ya zame. A nan ne ta lura ashe sandar tana hannunta.

Teku ya turo ruwa ya cika rafin fal, ja-ja-ja da shi, lumui kamar ba ya motsi. Clarrie na tsaye a ciki har saman gwiwa, ya ba ta baya, ya fuskanci inda rana ke ɓullowa. Jock na zaune a bakin gangara yana jiran rabonsa na wasa. Wurin ya yi kyau ƙwarai, irin kyan da ake ɗauka a hoto a aika wa mutanen kudu.

Idonta ya bi gindin itatuwa. Ta hagu, inda saiwoyi suka shiga ruwa, akwai wani abu kamar kututture, da ƙulli biyu a samansa. Ganyaye na wucewa ta gefensa suna bin ruwa, shi bai bi ba. Tana kallo ya nutse, a hankali, ko da'ira bai bari a saman ruwan ba.

Ta yi magana da muryar da take kiransa shan shayi.

"Baba. Kar ka sunkuya. Kar ka juyo. Ka taho da baya."

Kafaɗunsa suka ɗaga. "Ke ba kin tafi aiki ba?"

"Na dawo. Ka taho da baya, a hankali."

"Ban jiƙa hannu ba tukuna."

"Ka jiƙa a gida."

"Yarinya, na gaya miki, ni ba a yi mini..."

"Clarrie."

Tun ranar aurenta ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ta ga wuyansa ya sandare. Sannan ƙafarsa ta dama ta ja baya, ruwan ya ɗan motsa, ta hagu ta biyo.

A saman ruwan, tsakanin saiwoyin da inda yake tsaye, wani ɗan layi ya bayyana, siriri kamar an ja zare a ƙarƙashin zane. Ba sauri yake yi ba. Wajen tsohon ya nufo.

"Haka, Baba. Ƙara ɗaya."

Ya ƙara ɗaya. Ya yunƙura zai ƙara, ya tsaya.

"Takalmina ya maƙale."

"Bar shi. Zare ƙafarka."

"Ta ƙi fita, maɗaurin ya riƙe ni. Bari in..."

Ta ga bayansa ya fara lanƙwasa, hannunsa ya nufi ruwa, kansa na bin hannun. Daidai yadda yake yi kowace safiya, daidai abin da aka daɗe ana jira. Tsakaninta da shi gangara ce mai santsi, ko ta yi tsalle ba za ta riga layin nan isa ba.

A gefen ƙafarta ta ji motsi. Jock ne ya miƙe, jikinsa na rawa, wutsiya na kaɗawa, idonsa ƙur a kan sandar da ke hannunta. Shi dai ya ga itace a hannun mutum a bakin ruwa, kuma ya san abin da ke biyo baya.

Noelene ma ta sani. Ba za ta taɓa cewa ba ta sani ba. Ta ɗaga sandar ta wurga ta da duk ƙarfinta ta hagu, nesa da tsohon, ta faɗa ruwa da ƙara. Jock ya daka tsalle ya bi ta, yana iyo yana fantsama ruwa da 'yan ƙafafunsa.

Layin ya tsaya. Ya karkata.

Ba ta jira ganin sauran ba. Ta zame a gangaren a kan ɗuwawu, ta shiga ruwan, ta cafki wuyan rigar tsohon da hannu biyu ta fizgo shi baya. Ƙafar ta fito ba takalmi. Suka faɗi tare a taɓo, ta miƙe, ta ja shi kamar buhu, yana taimaka mata da gwiwa da gwiwar hannu. A bayansu ruwa ya fashe, kamar an kifa ƙofar ƙarfe a kansa. Kare ya yi ƙara sau ɗaya, gajeriya. Ba ta waiwaya ba sai da suka kai cikin ciyawa, can sama da gaɓa.

Da ta waiwaya, ruwan yana ta kai da komowa yana bugun saiwoyi. Kaɗan-kaɗan ya lafa. Sandar ce kawai ke yawo a sama tana juyawa.

Clarrie ya zauna a ciyawa, taɓo har gashin kansa, ƙirjinsa na hawa da sauka. Ya sa yatsu biyu a baki ya yi fito, irin wanda yake yi wa karen. Ya jira. Ya sake yi, wannan karon iska ce kawai ta fita. Ya daɗe yana kallon ruwan kafin ya juyo gare ta.

"Kin san zai bi sandar."

"Na sani."

"Karen Merle ne."

"Na sani, Baba."

Ya miƙe da kansa, ya ƙi hannun da ta miƙa masa, ya kama hanyar gida da takalmi ɗaya.

Ranar ba ta koma aiki ba, ba ta ma tuna ta kira ba. Ya shige ɗakinsa ya rufe. Ta kai masa shayi da gasasshen burodi ta ajiye a bakin ƙofa, da azahar ta ɗauke su yadda ta ajiye, tururuwa ta cika farantin. Ma'aikatan suka zo da yamma suka duba, suka kafa allo a bakin siririyar hanyar, suka ce tarko na tafe. Kwanon abincin Jock na nan a ƙarƙashin matakala, ta rasa yadda za ta yi da shi, ɗaukewa ta yi mata nauyi, bari ma haka. Ta zauna kusa da shi ta yi kuka mai isarta. Tana son karen nan, shi ke tarbarta a ƙofa kullum in ta dawo da warin ayaba a jikinta. Kuma ta san ko yanzu aka mayar da ita kan gaɓar nan da sandar a hannu, jefawa za ta sake yi, wannan sanin ne ya fi ci mata rai.

Warwick ya kira, ta ba shi labari. Daga baya ya ce in tsohon yana son komawa Tasmania a bar shi, zai nema masa jirgi. Ta isar da saƙon ta jikin ƙofa. Ƙofar ba ta buɗe ba.

Washegari gari bai gama wayewa ba ta ji ƙarar ƙyauren baya. Ta fito ba takalmi ta bi hanyar, ta wuce sabon allon, tana shirin abin da za ta faɗa da wanda za ta yi in faɗar ba ta isa ba.

Ba a ruwa ta sami tsohon ba. Yana tsaye can sama a kan tudu, nesa da gaɓa, a inda ɗan gari zai tsaya, igiyar wuyan Jock a naɗe a hannunsa. Ta zo ta tsaya a gefensa. Bai kalle ta ba, bai kuma kore ta ba.

Rana ta leƙo ta kan itatuwa, haskenta ya sauka a ruwan. A gindin gangaren, daidai inda sawunsa ya yi kwari, daidai inda yake tsayawa ya jiƙa gwiwa, ruwan ya ɗan kumbura. Wani kai ya taso, dogo, mai faɗi kamar murfin akwati, da idanu biyu masu ruwan ɗorawa. Ya tsaya cak yana kallon gangaren da babu kowa a kai.

Tsohon ya ja numfashi ta hanci.

"Bai makara ba," in ji shi a hankali. "Ashe kullum tare muke."

Suka tsaya har kan ya gaji da jira ya koma ƙasa yadda ya taso.

"Warwick ya ce in kana son komawa..."

"Na ji shi. Bangon gidanku ai takarda ne." Ya mayar da igiyar ɗaya hannun, ya buɗe yatsunsa a cikin hasken rana, ya rufe, ya buɗe. "A can hannun nan ba ya buɗuwa. Wa zai ɓalle mini riga?"

Ya juya ya kalle ta, idanunsa sun yi ja, da alama shi ma bai runtsa ba.

"Ban yafe miki ba tukuna, yarinya."

"Na sani."

"Bahon nan da kike faɗa, ki sa shi inda rana ke fara sauka. Ba na son a gindin mangwaro, tsuntsaye za su ɓata ruwan."

Suka juya za su koma. Hanyar shimfiɗaɗɗiya ce, ba tudu ba gangare, kuma ya daɗe da daina neman abin dafawa. Duk da haka da suka zo wajen allon sai ta ji hannunsa ya sauka a kafaɗarta, da igiyar karen a ciki, bai ɗauke ba har suka shiga gida.